Ruwa Amana Ne: Yadda Za Mu Koya wa Yaran Makaranta Tattalin Ruwa

Wataƙila kana karanta wannan ɗan littafi a bakin ɗakin likita kana jiran a kira sunanka, ko kuwa kana zaune kusa da gadon ɗanka da ake yi wa ƙarin ruwa. Wataƙila kuma malami ne kai, ko fasto, ko uwa ce ke a zumuntar mata. Ko wane ne kai, akwai yara a hannunka, darasin nan kuwa saboda su aka rubuta shi.

Da yawa daga cikin yaran da ake kawo mana asibiti, ruwa ne ya kawo su. Wani ya sha marar tsabta, wani kuma bai sami isasshen da zai wanke hannu ba. Muna ba su magani su warke su koma gida, bayan wata biyu sai mu sāke ganinsu. Maganin da zai hana su dawowa yana gida da makaranta, a bakin randa da bakin famfo.

UNGUWAR DA TA CI SUNAN TAFKI

A gefen birnin Njamena, babban birnin ƙasar Chadi, akwai wata unguwa a gunduma ta 7 da ake kira Butalbagar. Sunan na Larabcin Chadi ne. "Bagar" shanu ke nan, "buta" kuwa a bakinsu kududdufi ne ko ƙaramin tafki, ba butar alwala irin tamu ba. Wato tafkin shanu. Yau gidaje ne da makarantu da majami'u da masallatai a wurin, gama birnin ya faɗaɗa ƙwarai tun da aka sauya masa suna daga Fort-Lamy a 1973.

Mutanen irin wannan unguwa sun san ruwa ta fuska biyu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan sama kan kwanta a hanyoyi da tsakar gidaje, domin ƙasar shimfiɗe take, ga laka, ruwa ba ya samun hanyar wucewa. Daga Oktoba kuma sama takan ɗauke, sai wata shekara. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Famfon kamfanin ruwa na gwamnati bai kai kowane gida a unguwannin gefen birni ba, saboda haka jama'a da yawa sun dogara ga tuƙa-tuƙa, da rijiyar burtsatse, da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki.

Abin mamaki shi ne, birnin yana zaune ne a mahaɗar manyan koguna biyu, Shari da Logon. Ga ruwa a ƙofar gari, amma tsabtataccen da za a ba yaro ya sha sai an nema. A 2022 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Chadi, a 2024 kuma kusan miliyan biyu. A irin wannan lokaci ruwan ambaliya yakan cika masai ya kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Sai ka ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, amma ba shi da na sha.

In ka duba, labarin ƙauyenka bai yi nisa da wannan ba, ko kana ƙasar Katsina ne, ko Maraɗi, ko Borno. Watanni huɗu na yalwa, watanni takwas na tsimi.

YADDA ƘARANCIN RUWA KE KAWO CUTA

In ruwa ya yi wuya a gida, uwa takan fara lissafi. Na tuwo ba ya taɓuwa, na sha ba ya taɓuwa. Abin da ake fara yankewa shi ne wankin hannu da wankin fuskar yara. Daga nan sai a koma ɗiban ruwan kududdufi domin yana kusa kuma ba a biya. Ta waɗannan ƙofofi biyu cuta take shiga:

Gudawa, da amai da gudawa wato kwalara, da zazzaɓin taifot, da wata irin shawara. Duka suna fitowa daga ba-haya su shiga baki, ta ruwa, ta hannu, ko ta ƙafar ƙuda.

Ciwon ido mai sa kwantsa, wanda ƙuda da hannu da tsumma ke ɗauka daga yaro zuwa yaro. In ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, gashin ido yakan juya ciki ya riƙa gogar ido har mutum ya makance. Wanke fuska kullum yana tare shi.

Tsargiya, wato fitsarin jini. Tana kama yaro sa'ad da yake wanka ko wasa a tafki ko bakin gulbi inda ƙananan dodon koɗi suke. Fitsarin jini ba alamar girma ba ce ga ɗa namiji. Cuta ce, akwai maganinta a asibiti.

Kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke fama da shi a duniya. An tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, 9 daga cikinsu a Chadi, inda yake kama karnuka ma a garuruwan bakin kogin Shari. Babu allura ko ƙwayar da take kashe kurkunu. Tace ruwa da koyar da jama'a ne suka kawo shi gab da ƙarewa. Wannan ya nuna maka ƙarfin koyarwa.

To, ga abin da muke so ka riƙe tun daga nan. Tattalin ruwa shi ne a toshe ɓarna domin a sami isasshen na sha da na wanke hannu da fuska. Yaron da aka koya wa tsimin ruwa har ya daina wanke hannu, an koya masa hanyar asibiti ne.

DON ME SAI YARAN MAKARANTA?

Na farko, su ne 'yan ɗiban ruwa. Yarinya mai shekara goma takan ɗauki jarka mai lita 20, nauyinta kilo 20 ne, kafin ta tafi makaranta. Ta san wahalar ruwa fiye da mai gida. Na biyu, su ne masu reno. Yayar da ke goyon ƙaninta ita ce take ba shi ruwa, ita ce take share masa kashi. Na uku, abin da yaro ya gani a makaranta da safe, da yamma yana bakin uwarsa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masana lafiyar yara sun daɗe da gane haka. Wajen 1979, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa yara, wani likitan yara mai suna David Morley, wanda ya yi aiki a asibitin mishan a Nijeriya, tare da wani masanin ilimi mai suna Hugh Hawes, suka fara wani shiri a Landan na koya wa yara manya kula da lafiyar ƙannensu. Shirin ya bazu ƙasashe da yawa. Darussa shida da ke biye a kan wannan hanya suke. Ba sa bukatar kuɗi. Za a iya yinsu a makarantar boko, da makarantar Lahadi, da makarantar allo, ko a gindin bishiya.

DARASI NA 1: DAGA INA RUWANMU YAKE ZUWA?

Ka zana taswira a ƙasa da sanda. Zana kogin Shari yana tasowa daga kudu, daga ƙasar Afirka ta Tsakiya inda ruwan sama ya fi yawa. Zana Logon yana haɗuwa da shi a Njamena, garin Kusuri na Kamaru yana tsallake. Sa'an nan ka ja layin zuwa arewa har Tafkin Chadi. Kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan tafkin ta wannan hanya yake shiga.

Ka gaya wa yara cewa a farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ragu har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Yakan ƙaru a shekarun da aka yi ruwa sosai, ya kuma ja baya in an yi fari. Ƙasashe huɗu ne suke kewaye da shi: Chadi, Nijar, Nijeriya da Kamaru. Su ne suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, hedkwatarta tana Njamena har yau.

Domin su gani da ido, ka tsayar da yara goma a tsakiyar fili, ka ce su ne tafkin. Sai tara su koma su zauna. Tambayi sauran: masunta da makiyaya da manoman da suke ci daga goma ɗin nan, yaya za su yi da ɗaya?

Sai ka dawo da su gida. Cika kwalbar roba da tsakuwa da yashi, zuba ruwa a kai, su ga yadda yake nutsewa ya taru a ƙasa. Haka ruwan rijiya da na tuƙa-tuƙa yake: ruwan sama ne da na kogi da ƙasa ta ajiye mana. Yanzu ɗiga ɗan shuɗi ko jar kala a saman yashin ka ƙara ruwa. Za su ga kalar ta bi ta sauka. Haka ƙazantar masai take bi ta shiga rijiya. Shi ya sa ake haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta gangare.

Aikin gida: kowane yaro ya tambayi kakarsa ko wani dattijo, a ina ake ɗiban ruwa sa'ad da suke yara, wurin yana nan ko ya ƙafe?

DARASI NA 2: MU ƘIRGA RUWANMU

Abin da ba a auna ba, ba a san ɓarnarsa ba. Kowane yaro ya ƙirga jarka nawa ko tulu nawa suka shiga gidansu a yini ɗaya, da mutum nawa ke gidan. Washegari a yi lissafi a allo. Misali, jarka 6 masu lita 20 sun zama lita 120. In mutanen gidan 8 ne, kowa ya sami lita 15.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a yini domin sha da girki da ɗan tsabta shi ne wajen lita 20, wato jarka ɗaya. Ga makarantar jeka-ka-dawo kuma, lita 5 ga kowane yaro da kowane malami. Makaranta mai yara 300 tana bukatar lita 1,500 ke nan, jarka 75 kowace rana. In iyaye suka ji wannan lissafi a taronsu, za su gane dalilin da ya sa gyaran famfon makaranta ba abin jinkiri ba ne.

Ka kula, kada ka kunyata yaron da lissafin gidansu ya fito kaɗan. Ba laifinsa ba ne. A rubuta lambobi a allo ba tare da suna ba.

DARASI NA 3: FARAUTAR ƊIGO

Ka raba yara ƙungiya-ƙungiya, su zaga makaranta da unguwa suna neman inda ruwa ke zuba a banza: famfo mai ɗiga, jarka mai huda, bokitin da aka cika har yana malala a hanya, yaran da ke wasa da hannun tuƙa-tuƙa.

In sun sami famfo mai ɗiga, su tara kwalba mai lita ɗaya a ƙarƙashinsa su duba agogo. A ce ta cika cikin awa ɗaya. A yini da kwana lita 24 ke nan, ya fi rabon mutum guda. A wata lita 720, jarka 36. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai ƙara wuce famfo a buɗe ba.

Daga nan a kafa doka tare da su:
1. A yi amfani da mazurari wajen cika jarka, a kuma rufe bakinta kafin a ɗauka.
2. A wanke baki da kofi ɗaya. Alwala da buta, wanka da bokiti da ƙoƙo.
3. Wanke-wanke a kwano biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya.
4. Ba a lilo da hannun tuƙa-tuƙa, ba a buga shi da ƙarfi. In ya lalace, unguwa duka ce za ta sha wuya.
5. Wanda ya ga ɗigo ya faɗa wa malami a ranar.

Kowane mako a zaɓi yara biyu, mace da namiji, su zama sarakunan ruwa na aji. Ɗiban ruwa da kula da shi aikin maza ne da mata baki ɗaya. In aka bar wa 'yan mata su kaɗai, su ne za su riƙa makara, su ne kuma za su fara barin makaranta.

DARASI NA 4: WANKE HANNU DA RUWA KAƊAN

Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ga yadda za a yi shi ko da ruwa ya yi tsada.

Nemi galan mai lita 5 mai mariƙi. Ɗora ƙusa a wuta, ka huda ƙaramar huda a ƙasa da bakin galan ɗin kaɗan. Kafa sanduna biyu masu gwafa, ka gitta ta uku a kai, ka rataye galan ta mariƙinsa. Ɗaura igiya a wuyansa, ɗaya bakin igiyar kuma a jikin wata sanda da ke kwance a ƙasa. In yaro ya taka sandar, galan zai sunkuya ruwa ya tsiyayo siriri. In ya ɗage ƙafa, ruwa ya tsaya. Hannu bai taɓa komai ba. Huda sabulu ka rataye shi da igiya a gefe. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. A ƙarƙashi a haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa domin kada ruwa ya kwanta.

Bari yara su ƙirga mutum nawa galan ɗaya ya wanke wa hannu, su gwada da buta. Za su yi mamaki.

Lokutan wanke hannu: bayan ba-haya, bayan share wa jariri, kafin girki, kafin cin abinci, kafin ba yaro abinci. A cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A daina al'adar nan ta kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo, gama na ƙarshe da dauɗar kowa yake wankewa. A zuba wa kowa nasa. Da safe kuma kowane yaro ya wanke fuskarsa da ta ƙaninsa, cikin tafin hannu biyu ya isa.

DARASI NA 5: RUWA MAI HASKE BA LALLE MAI TSABTA BA NE

Kawo kofi biyu na ruwa garau. Ka narka gishiri a ɗaya ba tare da sun gani ba. Tambaye su wanne ne mai kyau. Ido ba zai raba ba, sai harshe. Ka ce musu ƙwayoyin cuta sun fi gishiri ɓuya, domin ko harshe ba ya jin su.

Ga hanyoyin gyara ruwan sha:

In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta. Garin ƙwayar zogale yana taimaka wa laka ta kwanta da sauri. Tacewa tana tare ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu, amma ba ta kawar da ƙwayoyin gudawa. Sai an ƙara da ɗaya daga cikin ukun nan.

Tafasawa. Ya tafasa sosai yana ɓararraka na minti ɗaya, a rufe ya huce.

Ƙwayar kulorin da ake samu a asibiti ko kantin magani. A bi abin da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Babba ne zai sa, yara su kalla.

Rana. A cika kwalbar roba mai haske, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ba shi da gurɓi. A rufe, a kwantar da ita a kan rufin kwano cikin rana awa 6. In akwai hadari ko hazo mai yawa, kwana biyu. Wannan hanya ta dace da yara, rana kuwa Allah ya ba mu ita kyauta.

Sau da yawa ruwa yakan fito daga tuƙa-tuƙa da tsabtarsa, a gida ne yake ɓaci. Randa a buɗe, moɗa a ƙasa, yaro ya sha ya mayar da sauran, yatsu sun shiga. Saboda haka randa ta zauna a rufe a kan wani abu mai tudu. A sami moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kaɗai, a rataye ta, a zuba a wani kofi a sha. A wanke randa da jarka kowane mako. Ruwan da ya ɓaci a randa asara biyu ne, an yi wahalar ɗauko shi, ga kuɗin magani.

DARASI NA 6: RUWA YA YI AIKI SAU BIYU

Ruwan ɗaurayar kwanuka da na wanke hatsi da na alwala bai gama aiki ba. A zuba shi a gindin zogale ko gwanda ko darbejiya. Kowane aji ya dasa bishiya ɗaya a inda ruwan famfo ke malala, ya ba ta suna, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa domin kada rana ta shanye.

Amma ruwan da aka wanke kashin jariri ko kayan mai gudawa, masai za a zuba shi. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya ko bakin famfo. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Duk abin da aka tara ruwa a ciki, a rufe shi.

Sai ruwan sama. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Yara su auna rufin ajinsu. A ce tsawonsa mita 9, faɗinsa 7, ya zama murabba'in mita 63. Njamena takan sami milimita 500 ko fiye a shekara. Wato lita 31,500 suna sauka a kan rufin aji ɗaya. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura wajen lita 25,000, duro 125 masu lita 200. Duk wannan yana zuba ƙasa yana ƙara taɓo a ƙofar aji. Da indararo da duro mai murfi za a tare wani abu daga ciki. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube, sa'an nan a tara. In za a sha, a gyara shi kamar yadda darasi na 5 ya nuna.

ABIN DA BA A TSIMINSA

Ka jaddada wa yara wannan. Ba a jure ƙishirwa da sunan tattali. Da bazara kowane yaro ya zo makaranta da gorarsa, malami kuma ya ba da lokacin sha. In fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana neman ruwa ne.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da ana tsananin zafi. Kada yaya ta ɗura masa ruwa. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba da nono.

In yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Na leda da ake bayarwa a asibiti ya fi. In babu, a sami lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. A ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A karɓo ƙwayar zinki a asibiti, a ba shi kwana 10 zuwa 14.

A garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba in idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a kashinsa, ko kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa. A ci gaba da ba shi ruwan a hanya.

GA IYAYE DA IKKILISIYA

Baba, Mama, in ɗanku ya dawo ya ce malam ya ce a rufe randa, kada ku ce yaushe aka haife shi. Ku saurare shi, ku gwada. In kuka gwale shi sau ɗaya, darasin ya mutu a ƙofar gida.

Littafi Mai Tsarki bai raina maganar ruwa ba. A Farawa sura 21, ruwan salkar Hajaratu ya ƙare a jeji, ta ajiye ɗanta Isma'ilu ta koma gefe tana kuka, Allah ya ji muryar yaron ya nuna mata rijiya. A Maimaitawar Shari'a sura 23 an umarci jama'a su keɓe wurin ba-haya a bayan zango, su haƙa su rufe. A Matiyu sura 10 Yesu ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba ƙaramin yaro kofin ruwan sanyi. Rijiyar unguwa kuwa ba ta tambayar addinin mai guga. Kirista da Musulmi layi ɗaya suke bi a bakin tuƙa-tuƙa, cuta ɗaya ce take kama 'ya'yansu. Ku haɗa kai da mai unguwa da liman da fasto ku kafa kwamitin famfo mai ɗan asusu, domin in roba ta cinye a saya a ranar.

Ranar 22 ga Maris ita ce Ranar Ruwa ta Duniya, tana zuwa daidai shigar bazara. Ranar 15 ga Oktoba kuma ta wanke hannu ce. A waɗannan ranaku ku bar yara su nuna wa manya abin da suka koya, da wasan kwaikwayo da lissafinsu na ɗigo.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Jarka nawa ke shiga gidanku a yini? Lita nawa kowa yake samu?
2. In ruwa ya yi wuya, me kuke fara yankewa? Me ya kamata a yanke a maimakonsa?
3. Wa ke ɗiban ruwa a gidanku, yana kuma hana shi zuwa makaranta a kan lokaci?
4. Taku nawa ne tsakanin masai da rijiyarku?
5. Wane darasi cikin shidan nan za ka fara koyarwa a wannan mako, kuma wa zai taimake ka?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, mai aiko da damina a lokacinta, mun gode maka saboda ruwan da ka ba mu. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi. Ka ba mu hikimar riƙe wannan amana, da haƙurin koya wa 'ya'yanmu. Ka warkar da marasa lafiya da ke kwance, ka tuna da waɗanda rijiyarsu ta ƙafe da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Amin.